Darasin Sanin Juna a Makarantun Kudancin Kogin Kaduna

A watan Satumba na shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Tunji Alausa, ta ba da sanarwar sabuwar manhaja wadda ta wajabta koyar da tarihin Nijeriya tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, sa'an nan a babbar sakandare ta gwama tarihi da ilimin zama ɗan ƙasa, ta mai da su darasi guda wanda ake fatan zai sanar da yaro gadon al'adun jama'ar ƙasarsa. Mutane da yawa sun yi murna, murnarsu kuwa tana da dalili. Amma wanda ya daɗe yana bin al'amuran makarantu ya san cewa wannan fanni, watau fannin da ke koya wa yaro su wane ne maƙwabtansa, daga ina suka fito, yaya suke aure da suna da makoki, kuma don me suke yin abin da suke yi, ya sha sauyin suna da sauyin mazauni a jadawalin darussa fiye da takwarorinsa, alhali abin da ke gudana tsakanin malami da almajiri bai sauya ƙwarai ba. Nufina in auna sababan wannan hali da sakamakonsa a wuri guda inda mas'alar ta fi tsanani, shi ne sashen birnin Kaduna da ke kudu da kogi, domin a can ake ganin abin da ke aukuwa idan zaman gari ya daina koya wa yara sanin juna, aka bar wa aji wannan nauyi shi kaɗai.

Darasin nazarin zamantakewa, wanda yara da iyayensu suka fi sani da soshiyal, asalinsa yana komawa ga shekarun 1960, lokacin da aka fara gwada shi a makarantar Aiyetoro ta ƙasar Yarbawa da taimakon malamai daga Amurka. Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Ikko a 1969 ya ƙarfafa shi, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba shi gurbi tabbatacce, tsarin 6-3-3-4 kuma da aka soma aiki da shi a 1982 ya zaunar da shi a ƙaramar sakandare. Niyyar masu shi kyakkyawa ce, gama ƙasa ta fito daga yaƙin basasa ana neman abin da zai ɗinke ta. Sai dai sannu a hankali sabon darasin ya ci gurbin tarihi da labarin ƙasa, har aka wayi gari daga zangon karatu na 2009/2010 babu tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Ba a jima ba hukumar tsara manhaja ta NERDC ta tattara soshiyal da ilimin zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro da darussan addinin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin inuwa ɗaya, abin da ya jawo ƙorafi daga ɓangarorin addinan biyu, har aka koma aka ware darussan addini a 2017. A 2018 Minista Adamu Adamu ya ƙaddamar da manhajar tarihi, a watan Nuwamba na 2022 kuma aka ba da labarin horar da malaman tarihi 3,700, ɗari ɗari daga kowace jiha da Abuja. Ke nan yaron da ya shiga aji ɗaya a 2009 ya fita sakandare a 2021 ba tare da manufar ta natsu a kan ƙafa ɗaya ba tsawon karatunsa, malaminsa ma haka.

Kafin a gane abin da wannan kai-komo ya haifar a Kakuri da Sabon Tasha, wajibi ne a tuna yadda wannan sashe ya kafu. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, sunan unguwar Kakuri Gwari kuwa yana nan yana ba da shaida. Da Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta Kaduna a 1917, ofisoshi da gidajen manya suka zauna a arewa da kogi, kudu kuma ta samu babbar tashar jirgin ƙasa inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan yake haɗuwa da na Ikko zuwa Kano. Bayan dogo sai masaƙu: Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 a zamanin Sardauna, Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, ga ma'aikatar ƙera makamai ta DIC, ga kamfanin Peugeot a 1975, ga matatar mai a 1980. Waɗannan ma'aikatu ba su tambayi kowa ƙabilarsa ba kafin su ba shi inji, saboda haka Bakatsine da Babarbare da Banufe, da mutumin Kagoro da na Kwoi da na Zonkwa, da Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe da Ibo, duk suka taru a kan jeren injuna ɗaya, suka shiga ƙungiyar ƙwadago ɗaya, wadda Adams Oshiomhole, tsohon ma'aikacin Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982.

Dattawan da suka yi aiki a can suna ba da labarin lokacin tashi, sa'ad da jiniya za ta yi kuka, ƙofofi su buɗe, kekuna su malalo su cika titi har mai mota ya haƙura ya tsaya. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne inda kekunan nan suke zuwa su kwana, watau gidan haya mai ɗakuna jere suna fuskantar juna, rijiya ɗaya, madafi ɗaya, makewayi ɗaya. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya san, tun bai iya karatu ba, cewa idan watan azumi ya kama ba a cin abinci a ƙofar ɗakin maman Sani da rana, idan kuma babansa ya shimfiɗa buzu ba a gittawa ta gabansa. Sani shi ma ya san ranar Lahadi da safe rijiya ta masu shirin coci ce, ya san kazar Kirsimeti babansa ake kawo wa ya yanka domin kowa ya samu ci, kamar yadda naman layya yake zaga ɗakuna ba a tsallake ko ɗaya. Babu wanda ya kira wannan da sunan ilimi, amma shi ne ainihin abin da masana nazarin al'ummomi ke shekara da shekaru suna nema, watau sanin al'adar wani ta hanyar zama da shi. Ban ce zaman ba shi da saɓani ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma garin ya ga kashe-kashen 1966, tarzomar Kafanchan ta 1987 da ta Zangon Kataf ta 1992 duk sun fantsamo cikinsa. Sai dai bayan kowace fitina mutane sukan koma ɗakunansu, masaƙa kuma ta sake haɗa su da safe.

Abubuwa biyu suka rushe wannan makaranta ta gidan haya da masaƙa, kuma kusan a lokaci guda suka zo. Na farko rikicin shari'a na Fabrairu da Mayu na 2000, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci rayuka aƙalla 2,000, sai na Nuwamba 2002 da ya tashi a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, sai na bayan zaɓen 2011. Kowane ɗaya ya ƙara tura Musulmi zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, ya tura Kirista zuwa Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora, mutane suna sayar da gidaje ko suna musanya su, kowa yana neman inda zai kwana da ido biyu rufe. Na biyu mutuwar masaƙu: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, aka rasa wurin da ke tilasta wa manya cuɗanya kullum. Insafi ne a ce rabuwar ba ta zama cikakkiya ba, domin har yau akwai Musulmi da yawa a Kakuri Hausa da Makera da Nasarawa, Barnawa kuma tana riƙe da wani abu na gaurayenta na dā, kasuwa da ofis ma suna haɗa mutane da rana. Amma yaro ba ya zuwa ofis, kuma makarantar jeka-ka-dawo daga unguwarta take ɗibar ɗalibai, don haka ajin ya zama hoton unguwar. Makarantu masu zaman kansu, waɗanda coci ko ƙungiyar Musulunci ke da su, suka ƙara tace abin da unguwa ta riga ta tace.

Makarantun kwana ne dā suke karya wannan iyaka. Kwalejin Sarauniya Amina da ke Kakuri, wadda 'yan'uwa mata na ɗariƙar Katolika suka kafa a 1940 da sunan Queen of Apostles kafin gwamnati ta karɓe ta a farkon shekarun 1970, ta yaye mata daga kowane lungu na Arewa waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya suka ci akushi ɗaya. Amma tun da aka sace ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun a watan Yuli na 2021, uba yakan yi tunani biyu kafin ya kai 'yarsa kwana, shugaban makaranta kuma yakan yi tunani uku kafin ya ɗebi yara a mota da sunan yawon buɗe ido. Natijar duka ita ce, a yau ana samun saurayi a Unguwar Romi wanda a wurinsa duk mai salla Bahaushe ne, bai san Banufe ko Igbira ko Bayarabe Musulmi ba, bai taɓa jin cewa akwai Hausawa Kirista a Wusasa tun zamanin kakanninsa ba. Ana kuma samun tsaransa a Rigasa wanda ya haɗa al'ummomin kudancin jihar, su da yawansu da bambancin harsunansu, ya ba su suna ɗaya na raini, bai san cewa waɗanda yake kira Kataf da Kaje da Jaba da Kadara suna kiran kansu Atyap da Bajju da Ham da Adara ba. Wannan shi ne jahilci murakkabi da malamai ke faɗa, mutum bai sani ba, bai kuma san bai sani ba, domin jita-jita ta riga ta cika gurbin da ilimi zai zauna.

To, me ajin yake yi da wannan giɓi? A shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare ranar da aka zo kan babin al'ada. Malama ta rubuta ma'anar al'ada a allo da Turanci, ta ce ita ce dukan hanyar rayuwar jama'a, yara suka maimaita da ƙarfi har sau uku. Ta raba ta gida biyu, wadda ake taɓawa da wadda ba a taɓawa. Sa'an nan ta ja layi uku, Hausa da Yarbawa da Ibo, ta jera abinci da tufafi da gaisuwa a ƙarƙashin kowanne, tuwo da amala da akpu, yara suka kwafe, aka kaɗa ƙararrawa. A cikin yaran nan da suka cika benci har wasu na zaune a taga, wataƙila mafi yawansu ba sa cikin layukan nan uku ko ɗaya, babu kuwa wanda ya tambayi yarinyar da ke gaba yadda ake bikin Afan a Kagoro ranar ɗaya ga Janairu, ko yaron da ke bayanta abin da ake yi a Tuk-Ham a Kwoi. Idan ƙarshen zango ya zo sai a yi ranar al'adu, a ara wa wani yaro babbar riga da hula ya fito a matsayin Bahaushe, a yi rawa a ɗauki hoto. Ba na raina ƙoƙarin malamar, domin abin da littafi ya ba ta ke nan, shi kuma za a tambaya a jarrabawa. Amma yaron ya fita da lissafin ƙabilu a kansa, bai fita da hanyar da zai bi ya fahimci mutum ba.

Sababan wannan suna da yawa, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. Jarrabawa tana da nata rabo, gama tambayar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ba ta iya auna fahimta, hadda kawai take aunawa, kuma tun da ilimin zama ɗan ƙasa ya zama tilas a jarrabawar kammala sakandare a 2014 ya bi wannan turba shi ma. Ƙarancin malamai yana da nasa: shekarun da aka yi ba a koyar da tarihi sun rage masu karanta shi a kwalejojin horon malamai, malami ɗari kuwa a jiha kamar Kaduna ba su kai ko'ina ba, jihar da ta sallami malaman firamare 21,780 bayan gwajin 2017 hankalinta ya fi karkata ga karatu da lissafi, kuma ba a ga laifinta a nan. Amma sababin da na ɗauka ya fi duka ƙarfi shi ne tsoro. Malamin da ke koyarwa a Kaduna ya san cewa tarzomar 1987 a harabar kwalejin horon malamai ta Kafanchan ta faro, a kan maganar addini da aka yi a gaban ɗalibai; ya san kalma ɗaya da yaro zai ɗauka ya kai gida a karkace tana iya tara masa jama'a a ƙofar makaranta kafin azahar. Wanda ke cikin wannan hali, idan ya tsaya a kan tuwo da amala, hikima ce ta tsira da mutunci, kuma duk manufar da ba ta ba shi horo da kariyar hukuma ba, to, ba ta taɓa tushen al'amarin ba, ko da ta sake wa darasin suna sau goma.

Akwai kuma wata shubuha da ya kamata a fuskance ta da gaskiya, ita ce tarihin fannin kansa a wannan ƙasa. Ilimin nazarin al'ummomi tare da mulkin mallaka ya shigo mana, kuma ƙasar da ke kudu da Kaduna tana cikin wuraren da ya fi yi wa tabo. A 1912 wani hafsan Turawa, Tremearne, ya buga littafi a kan Kagoro da maƙwabtanta wanda tun daga sunansa ya siffanta su da masu jela da farautar kawuna. C. K. Meek, wanda gwamnati ta ɗauka musamman don wannan aiki, ya fitar da littattafansa a 1925 da 1931 yana jera ƙabilu ɗaya bayan ɗaya, kamar kowace an zana mata da'irar da ba ta tsallakewa, har zuwa 1956 Harold Gunn yana kiran mutanen yankin da kalmar da ke nufin marasa addini. Razdan da Di'o sun yi amfani da irin waɗannan rubuce-rubuce wajen yanke wa za a ɗora a kan wa, masana tarihi na Zariya irin su Yusufu Bala Usman kuwa sun daɗe suna nuna cewa wannan kallo ya ƙafe al'ummomin da a haƙiƙa suke cuɗanya da auratayya da ƙaura. Layuka ukun nan na allon malama jikokin wancan jeri ne. Amma fannin bai tsaya a nan ba: M. G. Smith ya yi tahakiki a kan sarautar Zazzau da zaman Kagoro, matarsa Mary Smith kuma ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin Baba ta Karo ya fito a 1954, har yau kuwa da wuya a sami abin da ya fi shi nuna rayuwar matan Hausa ta wancan zamani. Bambancin ayyukan biyu a hanya yake, ɗaya ya leƙa daga kan doki ya yanke hukunci, ɗaya ya zauna a tabarma ya saurara.

Wasu iyaye kuma ta fuskar addini suke ɗari-ɗari, Musulmi yana tsoron a kai ɗansa ga sha'awar bori da tsafi, Kirista ma yana tsoron a farfaɗo da dodannin da kakanninsa suka bari. Ga ɗan'uwana Musulmi zan ce, sanin abu daban, yarda da shi daban, magabatanmu kuwa ba su taɓa rikita biyun ba. Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafinsa a kan Hindu wajen shekarar 1030, yana bayyana aƙidun mutanen yadda su suke faɗarsu. Shahrastani ya tattara addinai da mazhabobi a cikin Al-Milal wan-Nihal. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya kafa ilimin zaman al'umma, ya kuma yi gargaɗi a kan karɓar labari ba tare da auna shi da ɗabi'ar zaman mutane ba. A ƙasarmu ma Muhammadu Bello ya buɗe Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, da bayanin ƙasashen Takruru da mazaunansu. A mazhabar Malikiyya urfi abin lura ne a hukunci, har Al-Ƙarafi ya hori mai fatawa da ya binciki al'adar garin mai tambaya kafin ya ba shi amsa, ayar Suratul Hujurati kuma da malamai ke kafa hujja da ita a kan ta'arufi sananniya ce ga kowane almajiri. Kirista na kudu da kogi shi ma yana da nasa gado na wannan aiki, tun da da Hausa ake wa'azi da waƙa a majami'u masu yawa na ECWA da HEKAN, cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito da Hausa tun 1932, fassara kuma ba ta yiwuwa sai da sanin zuciyar masu harshen.

Inda maganar ta fi wuya shi ne tarihi mai ciwo, kuma a nan ne masu cewa a bar kaza cikin gashinta suke da hujja mafi ƙarfi. Hare-haren neman bayi daga Zazzau zuwa ƙasashen kudu sun auku. Ɗora hakimai daga Zariya a kan al'ummomin da ba su yarda da su ba a zamanin En'e ya auku, shi ya sa kafa masarautu a zamanin gwamnonin Lawal Ja'afaru Isa da Ahmed Makarfi ya kwantar da hankula da yawa. Kashe Hausawa da Fulani mazauna kudancin jihar a 1992 da 2011 shi ma ya auku, kamar yadda hare-hare a kan ƙauyukan Adara da Atyap suka auku a shekarun baya-bayan nan. Ana tsoron idan aka buɗe wannan babi a gaban matasa za a zuba wa wuta mai. Ni a ganina shirun makaranta bai hana yaro jin labarin ba, ya dai bar shi ya ji rabinsa, rabin da ya shafi zaluncin da aka yi wa nasa, daga bakin wanda ba ya son ya ji ɗaya rabin. Maslaha ita ce a ajiye wannan babi sai babbar sakandare, a ba da shi da takardun asali da riwayoyin ɓangarorin biyu, a kuma haɗa shi da abin da aka saba mantawa, kamar fatauci da ya sa aka kafa zango a ƙasar Atyap tun farko, da auratayya, da sanarwar zaman lafiya ta Kaduna wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a watan Agusta na 2002, da aikin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye waɗanda suka fara a matsayin abokan gāba.

Abin da ya kamata yaro ya fita da shi daga wannan darasi, a ra'ayina, hanyar bincike ce, kuma muna da samfurinta a gida. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun tambayi isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya gani da idonsa ko labari aka ba shi, an san shi da gaskiya ko da ƙari? Yaron da aka horar ya yi wa kowane labari waɗannan tambayoyi, ranar da saƙo ya shigo wayarsa ta WhatsApp cewa an fara rikici a Sabon Tasha ko an tare hanya a Tudun Wada, zai dakata kafin ya tura wa wani. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A aiki ɗalibi ya zauna da kakarsa ya rubuta yadda gidansu ya zo Kaduna, a wace shekara, a jirgi ko a mota, wa ya sauke su. A aika wasu Kasuwar Monday ta Kakuri su gano daga ina citta da doya da daddawa da manja suke zuwa, da wane harshe ake ciniki, wa ke ba wa bashi. A sa su bincika wasan taubasantaka da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Tibi, wanda Jamhuriyar Nijar ta kai irinsa gaban UNESCO aka sa shi cikin gadon duniya a 2014, su tambayi dattawa yadda yake kashe faɗa tun bai tashi ba. Gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu yana da sassaƙen Nok, wanda aka fara tono shi a ƙasar Ham a 1928 kuma ya haura shekara 2,000. Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna yana nan, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa ma tana nan. Dukansu a arewa da kogi suke, nisan gada ɗaya daga Kakuri, gani kuwa ya kori ji.

Ƙasashen waje suna da abin lura ta fuska biyu. A Ingila masana sun yi fafutika har aka sa nazarin al'ummomi cikin jarrabawar ƙarshen sakandare a 2010, amma a 2015 hukumar jarrabawar ta ce za ta janye shi saboda ƙarancin masu ɗauka, aka yi jarrabawar ƙarshe a 2018. Wannan ya nuna cewa darasi na zaɓi mai zaman kansa, wanda ba shi da malamai da aka horar dominsa, ba ya daɗewa, saboda haka ban ga amfanin neman a ƙara sabon suna a jadawalinmu da ya riga ya cika ba. Ireland ta Arewa ta fi kama da mu, domin birnin Belfast ma a rabe yake tsakanin Katolika da Furotesta. A can iyaye suka kafa Kwalejin Lagan a 1981 da ɗalibai 28 daga ɓangarorin biyu, amma bayan shekara 40 irin waɗannan makarantu ba su ɗauki kashi 10 cikin 100 na yara ba, sai hukuma ta ƙara da wata dabara wadda aka yi wa doka a 2016: kowace makaranta ta zauna inda take, amma a ƙulla ta da wata ta ɗaya ɓangaren, ɗalibansu su riƙa haɗuwa a kai a kai suna ɗaukar darasi tare.

Wannan dabara ta biyu ita ce ta dace da Kaduna, gama babu mai iya umartar mutane su koma gidajen da suka bari, amma ana iya ƙulla makarantar gwamnati ta Kakuri ko Sabon Tasha ko Narayi da takwararta ta Tudun Wada ko Kawo ko Rigasa, a ba su bincike ɗaya su yi tare a zango guda, su fara haɗuwa a gidan tarihi inda ba unguwar kowa ba ce, kafin a kai ga ziyartar juna. Abuja ce ke rubuta manhaja, amma tura malamai, da ba da izinin fita da ɗalibai, da kuɗin mota da rakiyar jami'an tsaro, duk a hannun Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna suke, Hukumar Zaman Lafiya ta jihar kuma da aka kafa a 2017 tana iya shiga tsakani wajen shawo kan iyaye ta hanyar limamai da fastoci. Kwalejin horon malamai ta Gidan Waya da sashen ilimi na Jami'ar Ahmadu Bello su ne za su koya wa malami yadda ake jan muhawara mai zafi a aji ba tare da ta ƙwace masa ba. Makin aikin cikin zango kuwa, wanda ake tarawa kafin jarrabawa, tun yanzu a hannun makaranta yake, kuma shugaban makarantar da ya ga dama yana iya ware wani kaso nasa ga rahoton da yaro ya rubuto daga bakin kakarsa ko daga rumfunan Kasuwar Monday, ba tare da ya jira wata takarda daga Abuja ba.